Na Shanya Fayafayan Mijina a Rana

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle, kuma ba maganar da zan kai gidanmu ba ce, dariya za su yi mini. Ki sakaya sunana.

Ni tela ce, a gida nake ɗinkina. Maigidana kuwa ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibiti, mutumin da in ya dawo aiki sai ya wanke hannu har gwiwa kafin ya ɗauki 'yarsa. To wannan mai tsabtar ne ya mayar mini da gida jujin fayafayan garmaho. E, Gwaggo, garmaho, baƙaƙen fayafayan nan masu faɗin faranti da ake ɗora wa allura. A zamanin da duk waƙar duniya tana cikin waya! In na faɗa masa haka sai ya dube ni da tausayi, wai sautin waya ba shi da ɗumi. Ni dai abin da kunnena ke ji shuu ne da ƙas-ƙas, kamar an zuba albasa a tafasasshen mai.

Da sababbi yake saye da abin ya zo da sauƙi. Ina! Gwanjo yake bi, da tsofaffin sito, da gidajen da ake kwashe tarkacen mamaci. Ya shigo da kwali mai danshi yana washe baki kamar ya tsinci zinare. Ki buɗe ki ga abin tashin zuciya: funfuna fari da kore, kashin ɓera, ƙwan kyankyaso a jere cikin takardun da ake zura fayafayan. Akwai ranar da ya zaro wani, kyankyasai manya da ƙanana suka watse a kan teburin cin abinci, 'yarmu tana tsakiyar shan shayi. Shi ko a jikinsa, yana can yana ɗaga faifan a hasken taga ya ga ko ya karce.

Wankinsu ma a wurin wanke-wankena yake yi, ya jera su a kwandon da nake kife kwanuka. Ruwan da ke fita baƙi ƙirin, ga wari irin na safar da aka manta a takalmi. Sannan ya koyo wata dabara wurin abokansa: ya shafe fuskar faifai da farin gam ɗin kafintoci, ya bar shi ya bushe, ya ɓare shi kamar saɓar maciji, duk dauɗar shekaru ta maƙale a jiki. Sai ya kawo mini har kan keken ɗinki wai in ga ikon Allah. Burushin hodata mai laushi ya ɓace, na tsince shi a cikin kayan aikinsa. Amma ni in yatsata ta taɓa fuskar faifai, sai ki ce ƙwayar idonsa na tsokane. Farar safar hannu yake sawa kafin ya taɓa su, Gwaggo, a ɗakin da kyankyaso ke yawo.

Ranar hutu kuma abokansa su cika mini falo, ƙattin magidanta, a ɗora faifai su rufe ido suna gyaɗa kai. An hana magana, an kashe fanka wai tana ƙara, ni ma an hana ni taka keke.

Na yi ta haƙuri har wata mai kawo mini ɗinki ta shinshina kayanta a gabana ta yatsine fuska. Kunya kamar in nutse. Sai kuma 'yarmu, da ma tana da asma, ta soma tari ba ƙaƙƙautawa. Na yi magana, ya ce zai gyara, bai gyara ba.

Makon jiya ya fita aiki, na shiga kicin na tarar da kwandona cike da fayafayai suna ɗiga, yarinya tana tari a bayana. Raina ya ɓaci. Allah shaida ban zubar ba. Abin da kowace mace ke yi wa kayan da suka yi funfuna shi na yi, na kwashe su na shimfiɗa a baranda rana ta kashe warin. Na koma kan ɗinkina na manta. Da la'asar na leƙa, duk sun lanƙwashe, sun yi tudu da kwari kamar murfin robar da aka bari kusa da wuta.

Ashe a cikinsu akwai wanda ba na gwanjo ba ne. Marigayi surukina mai busa sarewa ne a ƙungiyar makaɗan wani gidan rediyo, sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsu a faifai, kuma babu shi a waya, babu shi ko'ina. A kulle yake ajiye shi, ranar ne ya fito da shi ya wanke. Ni ina zan sani? Duk baƙaƙe ne.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini. Ya ɗora faifan, allura tana hawa tana sauka tana tsalle, ya kashe. Abin da ya ce mini kawai shi ne, kafin busar ta fara ana jin babansa yana jan numfashi, kuma wurin yake saurare. Washegari ya kwashe kwalayen duka ya fitar, ya rufe garmahon da zane. Yanzu gida fes, ba wari, tarin yarinya ya ragu, shi kuma ya zama baƙo. Gaisuwa, abinci, shiru.

Gwaggo, abin yana ci na, amma har yanzu in na tuna kyankyasan nan sai tsigar jikina ta tashi. In na ba shi haƙuri, ba na buɗe wa ƙazanta ƙofa ba ke nan? Kuma ina tunanin in rufa wa faifan ƙyalle in bi shi da dutsen guga a hankali ko zai miƙe, in ba shi mamaki. Me kika gani?

Daga tela mai tashin zuciya.

AMSAR GWAGGO

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ajiye dutsen gugar nan. Faifai ba wuyan riga ba ne. Waƙar tana kwance ne a siraran layukan da ke fuskarsa, zafi ya taɓa su sun narke ke nan. Rana lanƙwasa shi ta yi, guga kashe shi za ta yi.

Ƙyamarki tana kan hanya. Ina karanta wasiƙarki sai da na ture kofin shayina gefe. Kashin ɓera da ƙwan kyankyaso ba su da hurumi a inda ake cin abinci, funfuna kuma ba abin wasa ba ne ga yarinya mai asma. Mai gwajin jini ya fi ni da ke sanin wannan, son abu ne ya toshe masa hanci. Saboda haka kada ki ba da haƙuri a kan tsabta, ba ki yi laifi a nan ba.

Sai dai kin haɗa abu biyu kin ɗaure da igiya ɗaya. Ƙazanta daban, son faifai daban. Waya tana ba mutum waƙa yana wanke-wanke, yana amsa saƙo, ta gundure shi ya tsallake. Faifai kuwa sai ka tashi ka zaro shi, ka goge, ka ɗora allura, ka zauna ka ba shi hankalinka. Abu ne da ake riƙewa a hannu, a bar wa 'ya'ya. Shi ya sa masu shi ba sa rabuwa da shi. Kuma a ganina mijinki faifai ɗaya yake so tun asali, sauran 'yan rakiya ne. Laifinsa shi ne ya yi ta nuna miki gam mai dauɗa, bai taɓa zaunar da ke ya jiyar da ke babansa ba. Ke ma ba ki taɓa tambayar me yake kullewa haka ba.

Ga abin yi. Ki ba shi haƙuri a kan faifan nan guda, haƙuri tsantsa, ba amma a wutsiyarsa. Maganar sharuɗɗa ki bari sai wata rana daban: kwalin gwanjo a buɗe shi a waje, a zubar da ruɓaɓɓun takardun, ya sayi nasa bahon da kwandon da burushin, a ajiye kayan nesa da ɗakin yarinya da yadin mutane. Ku kai yarinyar wurin likita ya duba ƙirjinta, ku je tare, mijinki ya ji da kunnensa.

Faifan kuma ba lallai ya mutu ba. Masu harkar sukan danne lanƙwasasshe tsakanin gilasai biyu masu nauyi, a inuwa, na tsawon lokaci. Wani ya miƙe, wani ya ƙi, ba zan yi miki alkawari ba. Abokan nan masu rufe ido yau ranarsu ta zo, a neme su. Amma kada ki yi komai a ɓoye, an riga an taɓa masa shi sau ɗaya ba da saninsa ba. In ya miƙe ko yaya, ku naɗi sautin ku adana, ku kuma tambayi iyalan sauran makaɗan ko wani yana da irinsa.

Ke numfashin 'yarki kike tsaro, shi na babansa, kowa ya zaci ɗayan bai damu ba. Ke da hannunki ki yaye zanen da ke kan garmahon. In faifan ya ƙi gyaruwa, ki ɗauko yarinyar ku zauna kusa da mijinki, ya ba ku labarin mai sarewar, don ita ma ba ta taɓa jin kakanta ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya jiƙan surukinki, ya mayar muku da hira gidanku.