Ƙyallen da Ke Ƙarƙashin Hammata

Ya sanyin idanuna, malamata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko!

Kin tuna ranar da kika kawo ɗinkin rigunan 'yan ajinki shagonmu? Kika tarar da ni da Baba kowa ya ciji allura a leɓe, kowa ya karkata kai hagu yana yanka. Kika yi dariya har jakarki ta faɗi, kika ce Turawa suna da magana a kan irinmu, wai daga yadi ɗaya aka yanko mu. Kika ce haka suke faɗa idan halin mutum biyu ya zo ɗaya, mai kyau ko marar kyau. Na yi murmushi na ci gaba da taka keke, amma wallahi ranar ban ɗinka layi ɗaya miƙaƙƙe ba.

Abar ƙaunata, idan yadi ya gaza, Baba yakan nemo ƙyalle mai kama da shi ya haɗa a ƙarƙashin hammata, inda ido ba ya kaiwa. Amma bai taɓa miƙa riga ba sai ya ɗaga hannunta ya nuna wa mai ita. Yau ni ma hannun rigar nake ɗaga miki. Ba Baba ne ya haife ni ba. A ƙofar shago ya tsince ni wata safiya, cikin buhun ƙyallaye, ko cibiyata ba ta faɗi ba.

Ran Asabar Kawunki zai zo bincike a kan asalina. Baba, tsohon nan da bai taɓa ɓoye haɗi ba, ya ce zai rantse shi ne ubana. Na hana shi. Ina tsoro, farin watana, tsoro mai tsanani! Ya zan yi da tagar shagon nan idan kika daina wucewa? Faɗa mini, ke da kika karanta: maganar Turawan nan jini take nufi, ko shekara ashirin da bakwai a kan benci ɗaya ma sun isa?

Idan Kawu ya tambayi sunan mahaifina, zan ce ban sani ba. Na fi so ki fara ji daga gare ni. Ko kin amince ko kin fasa, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan kalli wata ba.

Naki har numfashi ya ƙare,
Telanki