Tsawon Igiyar Guga

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Famfon sola da kamfaninmu ya sa a wani ƙauye bayan Baure ya ƙone. Mako biyu ke nan mata sun koma tsohuwar rijiya. Injiniyan da ya sa shi, ni na ɗauke shi bara. Dalilina? Ya durƙusa ya gaishe ni, kuma na san kakansa. Shekara talatin da wannan ma'auni nake ɗaukar akawu da masinja, ba wanda ya taɓa ƙona komai.

Manaja Jafaru bai ɗaga murya ba. "Baba Sada, in aka sake, daga Kano za a kawo mai ɗaukar mana ma'aikata." Da ma faɗa ya yi.

Laraba, 7 ga Mayu
Na je shagon Ikem mai kayan sola ya koya mani yarensu. Inbata, kwantirola, wat. Dariya har da riƙe ciki: "Baba, da furfurarka za ka zama injiniya?" Na ce a'a, gudu nake kada yara su sayar da ni ina zaune. Ya rubuta mani tambaya biyar da amsoshinsu a bayan kwalin batir.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na haddace tsaf. Ma'ana kuwa, sai Allah.

Litinin, 12 ga Mayu
Mutum tara suka zo neman gurbin injiniyan, ɗaya ake so. Kwalin na ƙarƙashin fayil. Tambayar farko: ruwa na mita sittin a ƙasa, wane irin famfo za a sa? Wani Zailani ya zubo amsar kwalin, ya ƙara da Turancin da ko Ikem bai yi ba. Ina gyaɗa kai duk inda ya numfasa.

Sai Siddiƙa, 'yar garin Babban Mutum. Tambaya ta mayar mani: "Baba, a wane wata aka auna ruwan?"

Babu wannan a kwali. Na ce ni ke tambaya a nan. Na sa mata sifili.

Talata, 13 ga Mayu
Siddiƙa ta gano ni ne? In na ɗauki Zailani, wani famfon ya sake ƙonewa... Jumma'a Jafaru ke son suna.

Laraba, 14 ga Mayu
Da hantsi na iske Lami, uwargida, tana ƙulla wa gugan gida ƙarin igiya, tana mita. Kowace bazara haka take yi, haka ma mahaifiyata ta yi. Ruwa yakan gudu ƙasa kafin damina, wa bai san wannan ba?

Na tafi ofis ko hula ban gyara ba, na buɗe fayil ɗin famfon da ya ƙone. A Agusta aka auna ruwan, tsakiyar damina. Na kira Ikem. "To ai shi ke nan, Baba, ruwa ya sauka ya bar famfo yana shan iska."

Na jawo takardar Siddiƙa na sake dubawa.

Jumma'a, 16 ga Mayu
Na miƙa sunan Siddiƙa. Jafaru ya duba takardar. "Wannan sifilin fa, Baba?" Na ce nawa ne, kuskure na yi na sa shi a gaban sunanta. Ya dube ni, bai ce komai a kan Kano ba. Ban san ko an fasa ba.

Kwalin, Lami ta hura wuta da shi. Ban hana ba.

Litinin za mu Baure, Siddiƙa ta ce in riƙe mata igiyar awo. Wataƙila a mota in tambaye ta aikin kwantirolan nan. In direba ya sauka sayen goro.