Ganyen da Na Kwance a Ƙofa

Anacha, 1953

Zuwa ga Yaya Baballe, Gyaɗi-Gyaɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Mu lafiya lau, alhamdulillahi, sai abu ɗaya.

Ranar Talata na tarar an ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa a ƙofarmu. Na ɗauke shi kamar kabar gida, na kwance na soma saƙa faifai. Maƙwabciyata Felicitas tana gani ta dafe kai: "Maman Huraira, a nan gargaɗi ne ku tashi! Wanda ya kwance, faɗa ya amsa."

Tun ranar ba mai amsa gaisuwarmu. Kada Inna ta ji. Ka dai sa a share mana ɗaki, a taya mu addu'a. Yau da safe an ɗaura wani, ban taɓa shi ba.

Ƙanwarka,
Safara'u