Zuwa ga Sadiƙu, da ya yi sabuwar kaka a Lausanne

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da mahaifinka. Idan karatun Hausa ya gagare ka, uwarka ta karanta maka, kada ta tsallake komai.

Maigidana, tun da aiki ya ɗauke iyayenka daga nan Greenbelt ta Amurka zuwa Suwizalan nake zaman jiran kiranka na Lahadi. Da can kana tambayata ƙafata, ko na yi dambu. Yanzu da ka ɗauki waya sai tarihi.

Ka ce Rumawa ne suka kafa garin naku a bakin wani babban tafki, har yau tushen gidajensu na nan cikin ciyawa. Da zaman ya yi haɗari mutane suka haura tudu, suka gina babbar majami'a. Mutanen birnin Bern suka zo suka mulke su shekaru aru-aru kafin su tafi. Ka ce yau jirgin ƙasa ke hawa tudun ba direba, amma har yanzu akwai mai gadi a hasumiya yana shelar lokaci da baki.

Na ji daɗi, wallahi. Sai na tambayi wa ya koya maka, ka ce tsohuwar da ke ƙasan benenku, malamar makaranta da ta yi ritaya, ita ke yawo da kai duk Asabar. Ka kira ta "Mami". Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ce ta fassara mini: kaka ke nan da Faransanci. Ranar ban ci abincin kirki ba.

Ni na goya ka a jirgin ƙasa na Green Line lokacin da uwarka ke asibiti tana aiki. Sau nawa na ba ka labarin ganuwar Katsina da hasumiyar Gobarau? Kana kan cinyata kake barci kafin in kai ƙofa ta biyu. Ashe ba tarihin ne ba ka so ba.

Har ɗakin karatu na je, na sa wata yarinya ta nemo mini tarihin garin naku, na haddace abin da zan iya. Da na fara jero maka, dariya ka yi, ka ce, "Hajiya, ba haka ake faɗin sunan ba, Mami ta ce..." Na ce waya ba ta ji, na kashe.

Jiya uwarka ta gaya mini abin da kuka ɓoye mini. Watannin farko ba ka magana da kowa, kana kuka a bayan makaranta. Matar nan ce ta gan ka a matakala, ta riƙe hannunka, ta ce zo ka ga inda ka zo. Har yanzu ina jin haushinta, amma na sa ta a addu'a.

Ina zuwa bayan Sallah, in Allah ya yarda. Ranar farko kai kaɗai za ka kai ni bakin tafkin, ka faɗa mini komai da Hausarka ko ta karye. Rana ta biyu Mamin taka ta biyo mu. Zan kawo mata turare.

Allah ya raya ka, ya tsare ka, ya saka mata da alheri.

Kakarka ta farko,
Hajiya