Fuskar Baba Ta Kumbura, Dangi Na Yi Masa Barka

Hajiya Kaltume, don Allah ki taimake ni da amsa, ke da masu karanta wannan shafi: tun yaushe kumburi ya zama ƙiba?

Mahaifina manomin riɗi ne a Kanya Babba, ya daɗe yana zuwa Kano wankin ƙoda. Da farko ta wuya ake zura masa roba, a cire, a mayar, har wuyan ya gaji. Daga baya likitoci suka haɗa masa jijiya a hannun hagu, ta nan inji ke jan jininsa ya wanke ya mayar. Hannun nan shi ne ransa. Ko awon hawan jini ba a yarda a yi masa a nan ba.

Bayan ƙaramar salla hannun ya fara kumbura, sai kafaɗa, sai fuska. Jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a ƙirjinsa. Likita ya ce babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ce ta tsuke, tabon robar nan ta wuya. Ya ce za a buɗe ta, ƙila a bar ɗan bututu na ragar ƙarfe mai rufi a ciki don kada ta koma. Na dawo na karance duk abin da wayata ta iya tono min. A aji uku na bar sakandare, amma ban bar karatu ba.

To ki ji aikin dangi. Gwaggo Dela ta zo daga Roni, ta kalli fuskar da idanunta ba sa buɗuwa sosai da safe, ta rangaɗa guɗa wai Yaya ya murmure, kumatu sun dawo. Masu dubiya na shigowa suna barka da sauƙi, kowa da ledar lemo da ayaba, abin da aka hana shi ci. Da hularsa ta fara matse shi, sai aka sayo masa babba.

Sai Baffa Daudu, yayan Baba, wanda ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma amma bai yi ritaya daga yanke hukunci ba. Ya tara maza a zaure ya zartar cewa ba za a sa wa ƙaninsa ƙarfe a ƙirji ba, shi ba babur ba ne, kuma da wane ido za a kai shi kabari da kayan gyara a ciki. Wai mataccen jini ne ya taru, ƙaho ne maganinsa. Ya aika wa wanzamin gidanmu ya zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Hannun hagun za a tsaga, Hajiya!

Ni kuma bakina ba birki. Na miƙe a gaban kowa na ce in ƙarfe a jiki laifi ne, ya fara ciro haƙoran Makkan da ke bakinsa. Aka kore ni daga zauren, sunana ya koma Likitan Waya, ko ɗakin Baba ba a bari na zauna.

Baffa na karanta jaridar nan duk mako a ƙofar gida, da tabarau a kan hanci. Ya fito ya amsa min a nan, a gaban jama'a: in aska ta taɓa jijiyar nan jini ya ƙi tsayawa, wa zai tare shi daga Kanya zuwa Kano?

Likitan Waya, Kanya Babba

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Na kai wasiƙarka wurin wani likitan ƙoda kafin in amsa.

A kan ƙaho, gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Aska ko tsaga kada su kusanci hannun nan. Jinin wannan jijiya da ƙarfi yake gudu, kuma ciwo in ya shige ta, hanyar wankin ta tafi. Kada ka jira Juma'a. Je ka wurin wanzamin yau, ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa abin da ke ƙarƙashin fatar. In kuwa numfashin Baba ya fara wuya ko kumburin ya ƙaru, asibiti za ku nufa nan take, ba zaure ba.

Amma waya ba ta ga ƙirjin mahaifinka ba. Likitan ya ce sai an ɗauki hoton jijiyar tukuna. Sau da yawa da ɗan balan-balan ake fara buɗe ta, bututun kuma sai in ta ƙi buɗuwa ko tana saurin komawa. Ko an sa shi, yana iya toshewa, sai ana komawa ana dubawa. Kada ka je kana rantsuwa a madadinsa.

Maganar haƙoran Makka ta ba ni dariya, ba zan ɓoye ba. Sai dai ita ce ta fitar da kai daga ɗakin da aka fi buƙatarka. Baffanka ƙaninsa yake gani yana canja kama, tsoro ne ya sa shi kama abin da ya sani. Ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya raka ku wurin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Zancen kabari kuwa, ku kai wa limaminku tare. Alhaji Daudu, in kana karantawa, shafin nan a buɗe yake, amma kujerar gaban likita ta fi shi amfani.

Abu ɗaya ya rage. Na ji ta bakin Gwaggo, na ji na Baffa, na ji naka har ya ishe ni. Ban ji abin da mai hannun ya ce ba. Fuskarsa ce ta kumbura, ba hankalinsa ba. Shiga ka zauna kusa da shi, ka ajiye wayar, ka tambaye shi me yake so.

Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya sa wa bakin nan birki.

Hajiya Kaltume