Zaren da Ya Narke

Talata, 18 ga Oktoba
Kusumlata, matar ɗana, ta sayo wa jikata Ranjana gyalen raga na Diwali, bikin fitilu. A kasuwa! Shekara hamsin ina ɗora zaren zinare a kan raga a garin nan na Bareli a Indiya, amma ba a tambaye ni ba. Bara Kusumlata ta ce aikina na tsofaffi ne. Tun ranar na rantse ba zan ƙara sa baki a maganar tufa a gidan nan ba.

Laraba, 19 ga Oktoba
Ranjana ta yafa shi ta zo tana juyi. "Kaka, ya ka gan ni? Ko idon ya tafi hutu?" Na ce idona ƙalau, bakina ne aka ɗinke. Gyalen ja ne, ya yi tsawo, yana sharar ƙasa ta baya. Ƙyallinsa bai kwanta min ba.

Alhamis, 20 ga Oktoba
Da suka fita na zare zare ɗaya daga gefensa, na kyasta ashana. Ban yi makaranta ba, rubutun nan ma da girmana na koya, amma wuta ba ta yi min ƙarya. Siliki toka yake zama, da warin gashi. Wannan ya naɗe, ya narke, ya manne min a yatsa. Roba ce. Har wurin ya tashi.

Juma'a, 21 ga Oktoba
Bana Ranjana ce za ta jera fitilun kasko a matakala. Taki goma sha takwas, kowane sai ta sunkuya.

Asabar, 22 ga Oktoba
Na gaya wa ɗana Harbans. Ko ɗagowa daga waya bai yi ba. "Baba, don dai ba kai ka yi ba ne. Kowa irinsa yake sawa." To. Na faɗi tawa. Ba ruwana kuma.
Na tuna matar wanzamin layinmu da fitila ta kama wa gyale. Fatar wuyanta. Ita ma kowa irin nata yake sawa.

Lahadi, 23 ga Oktoba
An kawo man fitila da lagwani. Yarinyar tana murza auduga tana waƙa. Kusumlata ce ya kamata ta zo ta tambaye ni, ni ne babba. Ba ta zo ba.

Litinin, 24 ga Oktoba
Diwali. Da la'asar na shiga madafa neman ruwa, ruwa kawai. Ban san yadda aka yi yatsan da ya ƙone ya kai gaban idon Kusumlata ba. Na ce, "Zare ɗaya ne ya yi wannan." Ta daɗe tana kallo, cokali a hannu. Sai ta ce, "Baba, yanzu ya za a yi? Ba za ta yarda ta cire ba."
Na tattare gyalen ninki-ninki, na maƙale wa Ranjana a kafaɗa, na soke jelar a ƙugu. Kusumlata ke miƙo min allurai. Hannunta ba laifi, ba zan ce fiye da haka ba. Ranjana sai ƙunƙuni, wai na naɗe ta kamar samosa.
Fitilun ni na jera. Gwiwata ta ji a jikinta.
Jibi za su gidan kawun Ranjana, can ma fitila har tsakar gida, kuma ba wanda ya iya ninkin. Na ce zan bi su. In an tambaya, alawa zan je ci.