Rigar da kika aiko wa Nohemi

Choluteca, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Dilcia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Madrid. Allah ya ƙara miki lafiya da juriya. Mama ta samu sauƙin gwiwarta, har ta koma yi wa kajin maƙwabta faɗa. Sai dai ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba, don a waya bakina ba zai iya ba.

'Yarki Nohemi ta kwana huɗu a asibiti. Ta dawo gida, kada hankalinki ya tashi. Rigar bikin cikarta shekara goma sha biyar da kika aiko ta yi kyau, amma ba ta shige ta ba. Na ce mu kai wa Doña Eufemia mai ɗinki ta buɗe ta, yarinyar ta ce ba almakashin da zai taɓa abin da uwarta ta saya. Ashe a makaranta ta ji cewa mai ciwon sukari irinta in ya rage allurar insulin yakan rame. Sati biyar tana matse allurar a tukunyar furanni, tana rubuta lambobin ƙarya a littafin awon jini, ni kuma ina dubawa ina yaba mata. Da ta fara ramewa har maƙwabta na tsokanarta wai wane saurayi ne ya hana ta cin tortiya, gurasarmu ta masara, muna ta dariya kamar wawaye.

Mama ce ta fara lura tururuwa na taruwa a bayi, alamar sukari a fitsarin yarinyar, na ce tsufa ne ke damunta. Ranar Talata sai amai, numfashi sama-sama, ba ta gane kowa. Likita ta ce da mun ƙara rabin yini da sai dai wani labarin. Na yi kuka, Dilcia, kunya kuma ta ishe ni, don amana kika ba ni.

Da ta farfaɗo ta roƙe ni kada in faɗa miki. Wai so take ranar bikin, in kika kalle ta a waya, ki ga yarinyar da kika bari. Ga shi na karya alkawari, amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Likita ta ce yarinyar za ta iya sake yin haka, kuma ni ba ta jin tawa a wannan. Ki kira ta, ba da faɗa ba, ki ce da bakinki a buɗe rigar. 'Yar shekara goma sha ɗaya kika bari. Jiya na tsayar da ita a jikin ƙofa na auna, ta fi ki tsawo.

Mama da Kawu Rigoberto suna gaishe ki. Ki gaida Maritza da kuke ɗaki ɗaya.

Yayarki,
Suyapa